Tsinuwar Da Uwarsa Ba Ta Yi Ba

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. Ni mutumin Maraɗi ne, kuma a lokacin da wannan abu ya faru na kusa shekara goma sha biyar a New York. Ina zaune a Tremont cikin Bronx, mu huɗu a gidan haya ɗaya, kowa iyalinsa na gida. Sana'ata talla ce a bakin titi, abin da gari ya waye da shi nake sayarwa. In ruwa ne laima, in rana ce tabarau, in sanyi ya shigo hula da safar hannu. Ranar bikin 'yan Puerto Rico tutarsu nake kasawa, ranar 'yan Ireland in koma kore daga sama har ƙasa, har abokaina na tsokanata wai na fi kowa yawan ƙasashe a duniya. A masallacinmu ina sahun gaba, ana ce mini Alhaji tun ban san hanyar Makka ba, in rigima ta taso tsakanin 'yan garinmu ni ake kira in raba. Ina son wannan girma ƙwarai, fiye da yadda na sani a lokacin. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, don ɓarnar da bakina ya yi ta isa.

Akwai wata yayata, 'yar wan mahaifina, gida ɗaya muka tashi, ita ta goye ni ina ƙarami. Autanta ya samu zuwa karatu nan Amurka, ranar da zai taso ta kira ni ta ce ga amana nan ta turo mini, in ya yi ba daidai ba in ja kunnensa, in ya ji yunwa in ba shi. Shekara biyu yana kwana a falonmu. Daga baya ya samu aiki a gidan kula da tsofaffi, yana haɗawa da karatun jinya, sai ya kama ɗaki a unguwar Parkchester. Mutum ne mai sanyi da tsabta, shekararsa ashirin da shida amma bai taɓa zama kan kujera ina zaune kan kujera ba, sai dai ya zame ƙasa. Kowace Juma'a in an sallame sai ya koma gefen masallaci ya kira uwarsa, su yi ta hira kamar ƙawaye, har da labarin awakinta. In na yi masa zancen aure sai ya yi dariya ya ce in bari a gama boko tukuna. Ban taɓa kawo komai a raina ba.

Lahadin ƙarshe ta watan Yuni ita ce ranar da masu neman jinsi ɗaya ke yin macinsu a Manhattan. Gaskiyar da ban taɓa faɗa a masallaci ba ita ce, na yi shekaru ina cin kasuwar wannan rana. Sai in je kantunan sari na Broadway in ɗauko tutoci masu launin bakan gizo, in ce wa kaina ai tsumma ne, tsumma kuwa ba ya da addini. Mu 'yan talla na Afirka da ke zuwa wurin mun san juna, kowa na ɗauke kai daga kowa. Nakan sa wata faffaɗar hula da baƙin tabarau don kada a gane ni. A shekarar 2015 abin ya faɗo cikin azumi, kuma kwana biyu kafin nan kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin cewa suna da 'yancin yin aure kamar kowa. Ban taɓa ganin cika irin ta ranar ba. Kiɗa na tashi har ƙirjina na amsawa, wasu na rawa, wasu na kuka. Wasu tsofaffin Turawa biyu maza suka tsaya gabana riƙe da hannun juna, ɗayan da sanda, ya ce mini tun suna samari suke jiran wannan rana. Na taya su murna kamar yadda nake taya duk mai saye, a zuciyata kuma ina istigfari. Bakina a bushe, hannuna bai huta ba.

Wajen la'asar wani ayarin baƙaƙen fata ya zo wucewa, da ganinsu ka san 'yan Afirka ne. Ɗaya ya ratso ya ɗauki tuta, da hular hana-salla da ƙaton tabarau, an shafa masa launi a kumatu. Na miƙa masa canji ban ko ɗaga kai ba. Sai ya ɗan russuna, ya karɓa da hannun dama, na hagu yana tallafe da shi. Ba Ba'amurken da ke karɓar canji haka. Ina jin carbin da ke naɗe a hannuna ya gani da furfurar gemuna, jikinsa ya yi abin da aka koya masa tun bai tambayi kansa ba. Na ɗago, shi ma ya dube ni da kyau. Hularsa ba ta ɓoye shi ba, tawa ma ba ta ɓoye ni ba. Ɗan yayata ne.

Muka ja gefe jikin wani kanti. Wani abokin tafiyarsa ya biyo shi da gorar ruwa ganin ya kusa faɗuwa, sai yaron ya girgiza kai ya ce yana azumi. Wannan ya ɗaure mini kai a lokacin, har yau ma bai sake ni ba. Ya ce, "Kawu, don Allah don Annabi ka rufa mini asiri. Ba don ni ba, don Inna." Ya gaya mini tun yana yaro yake fama da abin, ya yi azumi, ya yi tsayuwa, ya sha rubutu ba wanda ya sani, bai ga sauyi ba. Ya ce bai taɓa zuwa macin ba sai ranar, kuma rakiyar wani abokinsa ya zo, ɗan Nijeriya da aka yi wa dukan kawo wuƙa a unguwarsu ya gudo da karyayyen haƙarƙari. Ya ce so yake sau ɗaya a rayuwarsa ya yi tafiya da rana tsaka ba tare da ya rage murya ba. Ga shi ni ma tsirara nake a gabansa da tutocina. Sai na ce ban gan shi ba, shi ma bai gan ni ba. Ya ce in rantse, na rantse.

Kwana goma na riƙe. Ran na goma sha ɗaya na je titin 116 a Harlem karɓar ɗinkin salla wurin wani tela ɗan ƙasarmu. Shagon cike yake da 'yan gari, azumi ya kai ga kowa, ana ta caccakar hukuncin kotun, kowa ya zama malami. Ina shiga wani direban tasi ya tafa hannu ya ce ga Alhaji mai tutar 'yan daudu ya iso. Ashe ranar macin an rufe hanyoyi ya maƙale a wani lungu, ya gan ni ina tattara ragowar kaya. Aka bushe da dariya. Wani ya tambaya ko da kuɗin na sayi dabinon buɗa-baki, wani ya ce gaskiya a sake duba masu tsayawa sahun gaba. Da na yi dariya tare da su na ce neman abinci ne, da an yi kwana biyu an manta. Amma na ji girman da na tara shekara da shekaru yana zubewa a gaban yaran da na girme wa, kaina ya ɗau zafi. Na ce ni dai tsumma na sayar, masu son magana su je su tambayi wanda ya ɗaga tsumman yana tafe cikin ayari, ɗan gidan wane, wanda suke ba wa hannu kowace Juma'a. Na faɗi sunansa da na ubansa. Telan ya ɗauke ƙafa daga keken ɗinki. Kafin a sha ruwa ba sauran mai tuna zancen tutocina. Abin da nake so ke nan, kuma na samu.

Magana a cikinmu ba ta buƙatar biza. Kwana biyu ba su cika ba wan yaron ya kira ni daga Maraɗi yana huci, yana cewa an gama da sunan gidansu, 'ya'yansa mata ba mai aurensu. Ya ce a ɓoye wa Inna saboda hawan jininta, amma lalle a karya yaron ya dawo hanya. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa dabarar tasa ce. Ƙarya nake, tawa ce. Ni na ce yaron nan ba ya tsoron liman, ba ya tsoron duka, abu ɗaya yake tsoro a duniya, bakin uwarsa. Na ce in je in gaya masa Inna ta ji, ta ce ba ta yafe masa nonon da ya sha ba, kada ya ƙara kiranta sai ya tuba gaban jama'a ya karɓi matar da za a ba shi. Wan ya ce zai karɓe wayarta na 'yan makonni da sunan gyara. A lissafina yaron zai yi kuka kwana biyu, ya zo ya faɗi gabana, a ɗaura aure, ni kuma a ce Alhaji ya ceto ɗan 'yar'uwarsa.

Saura kwana biyu salla muka haɗu da tsakar rana a ƙarƙashin gadar tashar jirgin ƙasa ta Parkchester. Ya zo da kayan aikinsa a jiki, ya rame. Ya riga ya san na tona shi, don an fara turo masa zagi a waya, wani ma ya tofa masa yawu a ƙofar masallaci. Na shirya wa faɗa, amma bai ce mini kanzil a kan alkawarina ba, ya gaishe ni kamar kullum. Na jira jirgi ya wuce a samanmu, sannan na faɗa masa saƙon kamar yadda na tsara shi. Ya tambaya ko da bakinta ta faɗa. Na ce da bakinta. Ya sake tambaya ko ni na ji da kunnena, na ce wallahi na ji, ina ɗauke da azumi a bakina. Sai ya zauna a gefen titi kamar wanda aka zare wa laka, mutane na ratsa shi suna wucewa. Da ya tashi ya ce to, in Inna ta faɗa ta faɗa. Ya roƙe ni in yafe masa kunyar da ya jawo mini. Shi ya roƙe ni. Ya hau matakalar tashar a hankali yana dafa ƙarfe, ni kuma na tsaya ina jin na yi aikin Allah. Daga baya na ji ya gwada lambar uwarsa sau ɗaya a yammacin, wansa ya ɗauka ya tabbatar masa da maganata.

Bai zo idi ba. Bayan mako guda wayarsa ta daina shiga. Mai gidan da yake haya ya ce mini ya miƙa makulli ya fita da jaka ɗaya, a wurin aikinsa kuma suka ce doka ba ta ba su damar gaya mini komai ba. Wani ya ce ya gan shi a Atlanta, wani ya ce ya tsallaka Kanada. Da sanyi ya shigo aka ce an tsamo gawar wani saurayi baƙi daga kogi ba a san danginsa ba, na je da ƙafata na duba. Ba shi ba ne. Na fito ina hamdala, sai na tuna wannan ma ɗan wata ne, na tsaya a bakin titi ina kuka kamar yaro.

Aka mayar wa Yaya wayarta, Juma'a ta zo ta wuce ba kira. Sai ta koma kirana. Na ce jarrabawa ce ta sha masa kai, na ce wayarsa ta faɗi, na ce an tura shi aiki wani gari mai nisa. Kowace Juma'a da sabuwar ƙarya, har na fara jin faɗuwar gaba tun daren Alhamis. Shekara ta zagayo kafin wasu mata su fesa mata zancen a gidan suna. Da ta kira ni ranar na zauna na shirya jin tsinuwar gaske, ina ma fatan ta yi, don ƙaryata ta zama gaskiya in samu sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ce tun yana ƙarami ta san akwai wani nauyi da yaron nan ke ɗauke da shi, ta dai rasa ta inda za ta tambaye shi. Ta ce hukuncinsa na wurin Wanda Ya halicce shi, ita dai abin da ta sani wata tara ta yi da shi a ciki, ko me ya zama ita ta haife shi. Sannan ta yi mini tambayar da ta fi kowace wuƙa. Ta ce in gaya mata tsakani da Allah, ko wani laifi ta yi masa da ya sa ya yi fushi da ita haka, don ita ta duba ba ta gano ba. Saura kaɗan in faɗi gaskiya. Na ce a'a Yaya, ba ki yi masa komai ba, ƙuruciya ce kawai.

Shekara biyu ta ƙara yi tana wannan tambaya. Wan yaron ya roƙe ni kada in faɗa, wai zuciyarta ba za ta ɗauka ba, ni kuwa na riƙe wannan uzuri da hannu biyu don ya yi mini daɗi. A daminar 2018 ciwo ya kwantar da ita. Saura 'yan kwanaki ta cika ta sa wata jikarta ta ɗauki muryarta a waya aka turo mini, ta ce amana ce ta biyu, in kai wa autanta duk inda yake. Ban samu zuwa jana'iza ba saboda matsalar takarduna na zama a ƙasar. Na yi mata salla daga nesa, na karɓi gaisuwa a falonmu, mutanen shagon telan nan duk sun zo suna ce mini sai haƙuri.

Tun daga ranar tashar jirgin ban ƙara sayar da tuta a macin ba, amma ban fasa zuwa ba. Kowace shekara ina tsayawa bayan shingen 'yan sanda hannu wofi, ba hula ba tabarau, ina bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja. A 2019 na yi ƙarfin hali na bi ayarin 'yan Afirka har inda suka watse, na yi musu sallama da Hausa ko Allah zai sa a dace. Wata mata ta amsa, da jin harshenta 'yar zangon Kumasi ce. Na ba ta labarin duka, ita ce mutum na farko da na gaya wa. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta ce, "Baba, ko mun san shi ba za mu gaya maka ba. Da kuka kuke zuwa, mu ba da adireshi, washegari a zo da sanda." Ta ce da yawa a cikinsu sun sake suna, wasu uwayensu na raye amma an gaya musu sun mutu. Ta ce ni ina ganin rawa da fenti, su kuwa abin da suke nema shi ne mutum ya zauna da sunan da aka raɗa masa ba tare da ya gudu ba. Ta yarda in rubuta takarda in bar mata, ba ta yi mini alkawarin komai ba. Na rubuta a tsaye a kan murfin kwandon shara. Har yau ba amsa.

Yanzu ina ganinsa ko'ina. In jirgi mai lamba shida ya tsaya na hango ƙeyar wani saurayi da kayan ma'aikatan jinya, sai in kutsa ina ture mutane, ya waiwayo in ga baƙo. Ba na iya tsayawa a ƙarƙashin gadar jirgi, ƙarar na dawo mini da muryata ina cewa wallahi. Na bar sahun gaba da kaina, ba wanda ya kore ni. Har yanzu ana ce mini Alhaji, in na ji sai in ji kamar da wani ake.

Ni ba malami ba ne, ban rubuto don in halatta ko in haramta wa kowa komai ba, abin da na taso a kai yana nan a zuciyata. Amma na yi shekaru ina auna zunubin yaron nan, ban taɓa ɗora nawa a sikeli ba. Na karya rantsuwa, na tona asirin da aka roƙe ni da Allah in rufe, na yi rantsuwar ƙarya da azumi, na sa wa uwa maganar da ba ta faɗa ba, na raba ta da ɗanta har kabari. Duk wannan ba kishin addini ba ne, tsoron dariyar mutum bakwai ne a shagon tela. Ina gargaɗin 'yan'uwana, musamman mu da ke zaman baƙunta muke riƙe da 'ya'yan mutane: in kunya ta kama ka, ka tsaya ka sha abarka, kada ka jawo wani ka kare kanka da shi. In ka ga abin da ya fi ƙarfin fahimtarka a wurin ɗanka ko ɗan ɗan'uwanka, ka yi shiru tukuna, ka bar ƙofa a buɗe. Kuma kome zafin zuciyarka, kada ka ari bakin uwa ka yi tsinuwa da shi, don ɗan da aka yi wa tarbiyya gaskata ka zai yi.

Kai kuma ɗana, in wannan takarda ta iso inda kake, ka san kanka ba sai na kira suna ba. Inna ba ta tsine maka ba. Ba ta taɓa cewa komai a kan nononta ba, ni na ƙirƙira, ni na rantse a kan ƙarya. Ta ji komai game da kai, kuma ba ta fasa sa maka albarka ba har ranar da ta cika. Allah Ya yi mata rasuwa, ka yi haƙuri da jin haka daga bakin da ya cuce ka. Ba na roƙon ka yafe mini, ba sai ka gaishe ni ba, ba sai ka zauna ba. Ban sake gida ba, ban sake lamba ba. Muryarta na nan a wayata, da kai take magana, ka aiko ko da baƙo ne ya karɓar maka abinka.